Oba-obarmu ba sa jin juna, ina matsalar take?

Auwal Fadaman Mada: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Taimako nake nema. Kwamitin sintiri na layinmu mun yi karo-karo mun sayi oba-oba guda shida. Huɗu ƙanana ne, Baofeng BF-888S, marasa gilashi, sai abin murɗawa mai lamba 1 zuwa 16. Biyu kuma UV-5R ne masu gilashi da maɓallan lamba. Ƙananan suna jin junansu lafiya lau, manyan biyun ma haka. Amma in na sa ƙarama a tasha ta 1, na sa babba a tasha ta 1, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na biyu, mai shagon ya ce mana za su kai kilomita 10, amma jiya da dare ko kilomita 2 ba mu yi ba murya ta fara yankewa. Kuɗin nan har da na tsofaffi da mata masu sana'ar cikin gida, kuma a hannuna aka damƙa. Wallahi abin ya hana ni barci.

Alhaji Bala: Wa alaikumus salam. Yaro, araha ba ta ado. Ku mayar masa da kayansa ku ƙara kuɗi ku ɗauko masu wat 8 ko 10. In da abin da ya rage ni zan cika.

Malam Sani mai gyaran rediyo, Wunti: Allah ya saka da alheri Alhaji, amma a dakata da mayarwa tukuna. Auwal, kayanka lafiyarsu ƙalau. Lambar tasha ba ita ce mita ba, wato lambar zangon iskar da murya ke bi, abin da Bature ke kira frequency. Tasha kamar aljihu ce, abin da aka zuba a cikinta shi ne magana. Aljihu na 1 a ƙaramar an zuba masa wata mita tun daga kamfani, na babbar kuma wata daban ce a ciki, ko ma babu komai. Ƙaramar a ɓangaren mitocin da ake kira UHF kaɗai take aiki, daga mita 400 zuwa 470. Babbar tana da ɓangare biyu, VHF daga 136 zuwa 174, da UHF daga 400 zuwa sama. To in babbar tana zaune a 145, ƙaramar tana 462, har abada ba za su haɗu ba ko a ɗaki ɗaya kuke.

Yawancin ƙananan da na karanta da kebul a shagona, tasha ta 1 tana kan 462.125. Ka gwada a babbar: danna maɓallin nan mai ruwan lemo da aka rubuta VFO/MR har ka ga lambobi kaɗai a gilashi ba lambar tasha a gefe, ka tabbata kibiyar tana layin sama, sai ka buga 462125. Ka ba wani ƙaramar ya yi magana.

Auwal Fadaman Mada: Allahu Akbar! Malam na ji shi tangaran! Amma shi ba ya ji na. In na danna, fitilar tasa tana yin kore, sai dai babu murya.

Malam Sani mai gyaran rediyo, Wunti: Madalla, dama nan nake jiran ka. Koriyar fitila na nufin saƙonka ya iso ƙofa, mai gadi ne ya hana shi shiga. Akwai wani siririn sauti da kunne ba ya kamawa sosai, wanda oba-oba ke haɗawa da muryarka, a menu an rubuta shi CTCS. Lambobinsa suna farawa daga 67.0 har zuwa 254.1. In an ce wa ƙaramar kada ta buɗe lasifika sai ta ji 69.3, to duk wanda ya zo ba da shi ba za ta yi masa kunnen uwar shegu. Shiga menu na 13, T-CTCS, ka sa 69.3. Wannan shi ne abin da kake aikawa. Menu na 11, R-CTCS, shi ne abin da kake jira daga wasu, shi ma ka sa 69.3 in ba ka son jin hayaniyar baƙi. Ka danna MENU ka zaɓa, ka sake danna MENU ya zauna, sannan EXIT. Mutane da yawa suna manta dannawa ta biyun, su fita, su ce na'ura ta ƙi.

In ya yi, ka ajiye shi a menu na 27, MEM-CH, ka zaɓi lambar da ba kowa a ciki. In akwai abu a lambar sai ka fara share ta da menu na 28, in ba haka ba za ta haɗa maka sabo da tsoho ta rikita ka.

Auwal Fadaman Mada: Ya yi Malam! Allah ya ji ƙan mahaifa. Yanzu ke nan da wannan lambar sirrin ba wanda zai ji mu sai mu?

Nura Yelwa: Haka ne, ai shi ya sa wasu ke kiran ta lambar sirri.

Injiniya Hauwa, Gombe: A'a Nura, don Allah kada wannan maganar ta zauna a zaure, domin za ta iya jawo wa mutane asarar rai. Wannan sauti ba ya ɓoye komai. Kai yake toshe wa kunne daga jin wasu, ba ya toshe kunnen wasu daga jin ka. Auwal, ka tuna ɗazu da ka buga mitar kawai, ba ka sa kowace lamba ba, ka ji ɗan'uwanka tangaran? To duk ɓarawon da ke da irin na'urarka haka zai ji ku. Ba ya ma buƙatar sanin mitar, ya riƙe maɓallin tauraro na'urar ta yi ta lalube har ta faɗo kanku. Ƙari a kan haka, ƙananan nan da mita iri ɗaya suke fitowa daga kamfani. Wanda ya sayi tasa jiya a kasuwa ya murɗa zuwa 1, ya riga ya shigo cikinku. Menu na 10 da 12, wato DCS, su ma haka suke, lambobi ne kawai maimakon sauti.

Auwal Fadaman Mada: Innalillahi. Anti, ashe shi ya sa shekaranjiya muka ji wasu masu gadin wani wuri suna maganar buɗe geti, muka ɗauka aljanu ne a cikin abin.

Baba Sajan: 'Yata Hauwa ta faɗi gaskiya. Na yi shekaru ina riƙe da rediyo a bakin aiki kafin na yi ritaya, abu na farko da aka cusa mana shi ne: duk abin da ka faɗa a iska, ka ɗauka a tsakiyar kasuwa ka faɗe shi. Kada ku kira sunan mutum. Kada ku ce "gidan Alhaji wane ba kowa, sun yi tafiya." Kada ku ce "mu biyu ne kawai a bakin kwalbati." Ku zauna da rana ku raɗa wa kowane lungu suna wanda ku kaɗai kuka sani, kowane mutum ya samu lamba, kuma ku riƙa canzawa.

Sannan ladabin magana, wanda na ga yaran yanzu ba su da shi sam. Oba-oba ba waya ba ce, mutum ɗaya ne ke magana a lokaci ɗaya. Muddin yatsanka na kan maɓalli, kai kurma ne, ba ka jin kowa. Ka saurara tukuna ko wani na kan layi. Ka danna, ka ƙirga ɗaya a zuciyarka, sannan ka buɗe baki, in ba haka ba kalmar farko za ta ɓace. "Kada ku zo" za ta koma "ku zo", ka ga an yi ɓarna. Ka fara kiran wanda kake nema, sannan ka faɗi kai wane ne. Ka gama ka ce "oba" ka saki. Daga wannan kalmar sunan na'urar ma ya samo asali a bakinmu. Wanda aka kira ya maimaita abin da ya ji a taƙaice. Gaisuwa da tambayar iyali a bari sai an haɗu a masallaci da asuba.

Maman Khalifa: Baba sannu da ƙoƙari. Mu ma muna da guda huɗu a makarantarmu ta Islamiyya, na geti da na ofis. Matsalarmu wani lokaci sai layin ya cushe, muna jin hirar mai gadi da masu wucewa, ba dama mu kira shi.

Malam Sani mai gyaran rediyo, Wunti: Hajiya, abu biyu ne. Ko dai ya zauna a kan maɓallin, ko an kunna VOX, wanda ke sa na'ura ta fara aikawa da kanta da zarar ta ji sauti. A kashe shi, a UV-5R menu na 4 ne. Sannan a saita TOT, menu na 9, zuwa daƙiƙa 60, ko an danne maɓalli da kuskure za ta yanke da kanta bayan minti ɗaya. In ƙananan ne sai an kawo an sa musu kebul.

Alhaji Bala: Duk na ji, amma ba wanda ya taɓo maganar nisa. An ce kilomita 10, ba ta yi 2 ba. Ni har yanzu ina kan bakana, ƙarfi ne ya yi kaɗan. Mota mai babban inji ai ta fi gudu.

Injiniya Hauwa, Gombe: Ranka ya daɗe Alhaji, a nan kwatancen mota ba zai yi ba, kwatancen tocila ya fi kusa. Waɗannan mitoci a miƙe suke tafiya kamar haske. Ka tsaya bayan katanga da tocila mai batir goma, wanda ke ɗaya gefen ba zai ga kwan ba. Ka hau kan katangar da ƙaramar tocila, zai gan ka daga nesa. Ko a fili fetal inda ba abin da ya tare, sai ka ninka ƙarfi sau huɗu kafin nisa ya ninku sau biyu. A cikin gari, inda bulo da kwano da rodi ke shanye saƙo, ƙarin bai kai haka ba ma. Daga wat 4 zuwa 8 abin da za ka samu ɗan kaɗan ne, batir kuma zai ƙare da wuri, na'ura ta yi zafi a hannu.

Tsawo kuwa duba lissafinsa. Eriya a hannun mutum a tsaye, wajen ƙafa 5 daga ƙasa, iyakar hangenta kusan kilomita 5 ne saboda lanƙwasar duniya. Mutum biyu ke nan wajen 10, kuma ina jin daga nan masu shago suke samo tasu lambar, amma wannan sai a filin da ba gida ba bishiya. Ka ɗaga ta ƙafa 30, kan bene ko tankin ruwa, hangenta ya kai kusan 12. Ka hau dutse mai ƙafa 300, ka doshi 40. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana nisan kusan kilomita 400 a sama, amma masu sha'awar rediyo suna kama ta da irin wannan ta hannu a kan 145.800 in tana watsawa lokacin da ta gifta, don ba komai tsakaninsu sai iska.

Ɗanjuma Dass: Na shaida wannan da idona. Gonarmu tana gindin duwatsun Mbula. In ƙanena ya zagaya bayan dutse, tafiyar minti goma ce a ƙafa, ba na jin sa ko kaɗan. Amma ranar da na hau sama neman akuya na kira gida, suka ji ni kamar ina tsakar gida.

Alhaji Bala: To su 'yan sintiri dutse za su riƙa hawa da tsakar dare?

Baba Sajan: A'a Alhaji, mutum ɗaya za su ajiye a wuri mai tsawo, shi ne cibiya. Wanda ke gabas in bai ji na yamma ba, cibiya tana jin su duka, sai ta miƙa saƙo. Haka muke yi tun kafin a haifi yaran nan.

Malam Sani mai gyaran rediyo, Wunti: Kuma kuɗin da Alhaji zai cika, da za a ji tawa, a sa shi a eriya. 'Yar guntuwar robar da ke zuwa a kwali ta lallaɓawa ce kawai. Akwai doguwa mai kusan santimita 39, Nagoya NA-771, tana taimakawa, sai dai jabunta sun cika kasuwa, kuma a duba bakin zaren ya dace da na'urar kafin a biya. Wadda ta fi ita ce a kafa eriya a kan rufin cibiya a jawo waya gajeriya mai kyau zuwa ƙasa. In damina ta kama ana tsawa, a cire wayar daga jikin na'ura. Abu uku kuma Auwal ka gaya wa mutanenka. Kada a taɓa danna maɓallin magana ba eriya a jiki, yana iya ƙona abin da ke ba da ƙarfi a ciki, irinsu ake kawo mini ana cewa tana ji ba ta aikawa. Kada a ɗauki na'ura ta eriya kamar an kamo ɓera ta wutsiya. Kuma a riƙe ta a tsaye, eriya na kallon sama. Wanda ya kwantar da tasa, ko ya bar ta manne a ƙugu yana magana ta igiyar kunne, saƙonsa zai raunana sosai.

Na manta da SQL, menu na 0. Shi ne ke rufe shuuu ɗin nan in ba mai magana. In ka kai shi 9, sai mai ƙarfi na kusa kaɗai zai iya buɗe shi, na nesa ya yi ta kira a banza. Ka bar shi a 2 ko 3. Ka duba menu na 5 ma, WN, wato hanyar da murya ke bi ta zama mai faɗi ko matsattsiya. Duk shida su zama iri ɗaya, in ba haka ba wani zai ji murya can ƙasa-ƙasa, wani ya ji tana fashewa.

Nura Yelwa: Ni fa tambayata, duk wannan wahalar ta mece ce? Kowa na da waya. Ku buɗe zaure a WhatsApp ku huta.

Auwal Fadaman Mada: Nura, ƙarfe biyun dare kana bin mutum a lungu, yaushe za ka tsaya buɗe waya kana neman suna? Ga kati, ga data. Wannan dannawa ɗaya mutum biyar sun ji.

Injiniya Hauwa, Gombe: Kuma waya sai da turken sabis. Mu da ke maƙwabtaka da Borno da Yobe da Adamawa ba mu manta 2013 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a can bayan dokar ta-ɓaci. An sake yin haka a Zamfara a 2021. Ko ranar Sallah a filin idi ka gwada kira ka gani. Oba-oba daga hannu zuwa hannu take tafiya.

Amma akwai maganar da nake ta jira wani ya ɗauko, ba wanda ya ɗauko. Auwal, 462.125 ɗin nan ba taku ba ce. Kasancewar kamfani ya zuba ta a ciki bai zama izini ba. Iska tana da masu rabo a Najeriya. Akwai dokar sadarwa mara waya ta 1961, akwai dokar sadarwa ta 2003. Hukumar NCC ke raba mita ga 'yan kasuwar sadarwa, NBC ke kula da gidajen rediyo da talabijin, Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya kuma ita ke ba da lasisi ga masu amfani da ba na kasuwanci ba. Daga 144 zuwa 146 da kuma 430 zuwa 440 na masu lasisin rediyon sha'awa ne, waɗanda lambar kiransu a ƙasar nan ke farawa da 5N. 156.800 ta kiran gaggawa ce ta jiragen ruwa a duk duniya. Ga na jami'an tsaro a warwatse a tsakani. UV-5R za ta bar ka ka buga kowace lamba a cikin zangonta ka danna, ba za ta hana ka ba, kuma nan haɗarin yake.

Alhaji Bala: Haba Injiniya. Mutane na kare gidajensu daga ɓarayi, ke kina maganar takarda daga Abuja? Wa ya taɓa zuwa Fadaman Mada duba lasisin oba-oba? Masu gadin otal da 'yan agaji da masu biki duk suna riƙe da ita.

Injiniya Hauwa, Gombe: Gaskiya ne suna riƙe da ita, ranka ya daɗe, ban musa ba. Amma yawan masu yi bai mayar da shi halal a doka ba. Ni tsorona ba mai duba takarda ba ne. Tsorona a tare yaro da dare a shingen bincike da oba-oba a aljihu, ba katin shaida, ba wanda ya san da zamansa, a wannan yanayi da muke ciki. Wane bayani zai yi kafin gari ya waye?

Baba Sajan: Alhaji ƙanena, a nan ina bayan yarinyar nan ɗari bisa ɗari. Na tsaya a shinge, na san abin da ke zuwa zuciyar jami'i in ya ga wannan abu a hannun farar hula da dare. Auwal, ku je wurin mai unguwa, ya kai ku ofishin 'yan sanda na yankinku, a rubuta sunayenku da lambar jikin kowace na'ura, wadda ke bayanta in ka cire batir. Ku tambaye su mitar da ba za ta shiga aikinsu ba. Sannan kwamiti ya rubuta wa ma'aikatar neman izini da sunansa. Kuma in kuna lalube kuka faɗa kan maganar jami'ai, ku wuce, kada wanda ya kuskura ya danna.

Alhaji Bala: Zuwa wurin mai unguwa da 'yan sanda na yarda da shi, ni ma zan raka su. Ta Abuja ce dai har yanzu nake ganin za a sha jira.

Malam Sani mai gyaran rediyo, Wunti: Duk mitar da aka amince muku, ku kawo mini duka shidan lokaci ɗaya. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna CHIRP, da kebul mai baki biyu da ake sokawa a gefen na'ura. Zan fara kwafe abin da ke cikin kowace in adana, don in an yi kuskure a mayar. Sannan in share tashoshin kamfani, in zuba muku biyu ko uku kacal, iri ɗaya a lamba ɗaya. Manyan biyun in rubuta musu suna a gilashi, ku kuma ku kulle maɓallansu, a riƙe maɓallin # na ɗan lokaci, don kada hannu ya gurɓata saiti a cikin duhu. Cikin layi ku bar su a ƙaramin ƙarfi, menu na 2, wat 1 ya isa kuma batir zai kai ku asuba. Cibiya kaɗai ta zauna a babban ƙarfi. Rediyon FM da tocilan da ke jiki su ne ke cinye batirin 'yan sintiri, a ja musu kunne. Kada kuma a bar batir a cikin mota a zafin watan Afrilu.

Maman Khalifa: Malam Sani, namu huɗun ma zan aiko Khalifa da su ranar Asabar in Allah ya kai mu.

Auwal Fadaman Mada: Salam jama'a, ga rahoton daren jiya. Mun sa mutum ɗaya da babbar a saman benen wani bawan Allah da ya ba mu izini, muka mayar da SQL zuwa 3, kowa ya riƙe tasa a tsaye. Wurin da murya ke yankewa shekaranjiya yanzu cibiya tana jin sa sarai, har mun wuce shi da tafiyar minti goma sha biyar. Lungu ɗaya ne ya gagara, wanda ke cikin kwari bayan gidajen bene biyu, sai mutum ya fito bakin titi. Mun raɗa wa lunguna bakwai suna kamar yadda Baba ya ce, sai dai mutum biyu sun yi ta mantawa suna kiran sunan gaskiya. Mai unguwa ya ce mu same shi gobe bayan la'asar. Alhaji, za mu biyo ta gida mu ɗauke ka.

Baba Sajan: Masu mantuwar nan ka rubuta musu a takarda su manna a bayan na'ura, lamba kawai da sabon suna, ban da na gaskiya. Lungun kwarin kuma kada mutum ɗaya ya shiga, su zama biyu, na uku ya tsaya bakin titi inda yake jin su yake jin cibiya.

Alhaji Bala: Ina gida bayan la'asar. Sani, turo mini kuɗin eriyar kan rufin da wayarta ta akwatin sirri, ka haɗa da na ƙarin batir biyu.